Ba a Share wa Arvo Ƙofa

Mijin yayata, Arvo Palosaari, 'yan watanni ya yi a ramin haƙar jan ƙarfe kafin a rufe shi, amma in ka zauna shan kofi da shi sai ka rantse da farcensa ya haƙa ramin. Sauran shekarunsa duk a gidan waya ya cinye su, yana buga wa wasiƙu hatimi a ɗaki mai ɗumi. Aikin gidan waya aiki ne, ban raina shi ba. Mai aikin na raina, kuma ban taɓa ɓoye masa ba.

Da ya auri Yaya Hilja, shi ya tare a gidanmu, gidan katakon da Babanmu ya gina da hannunsa a bayan coci. Ni kuwa da na auri Wilho titi kawai na tsallaka, don haka tun muna da baƙin gashi nake kallon Arvo ta tagar kicin ɗina. A ɗakin sama na gidan nan aka haifi Yaya, kuma in ka cire kwanan asibiti ba ta taɓa kwana wani wuri ba. Ta san matakalar da ke ƙara da wadda ba ta yi. Da tsufa ya zo ƙugunta ya lalace, sai da sanda take tafiya, amma ko hawa benen bai isa ya raba ta da ɗakin ba. Da zama take hawa, mataki-mataki, kamar yarinya.

Abin da zai raba ta da gidan dusar ƙanƙara ce. Mu nan arewacin Michigan, bakin tafki, rabin shekara muke yi a cikinta, har tagar ƙasa takan rufe. 'Yarsu ɗaya, Noreen, tana aure a Milwaukee, kuma ta riga ta samo musu ɗaki a wani benen tsofaffi kusa da ita. A gabana ta faɗa, ba da wasa ba:

"Mama, ba zan kwana ina tunanin motar asibiti ta zo ta rasa hanyar shiga ba. Duk sanyin da Baba ya kasa share ƙofar nan, shi ke nan, kun taho."

"Zai iya," in ji Yaya da sauri. "Babanki zai iya."

Ka ji inda aka rataye gidan ubanmu: a hannun Arvo da injinsa.

Injin kwashe ƙanƙara kowa na da shi a layinmu. Turawa ake yi, haƙoran ƙarfe a bakinsa suna tauna dusar, farfela a ciki ta cilla ta waje ta bututu. Ba ya son komai sai abin da jaki ma zai so, a ba shi abinci mai kyau, a kuma kiyayi bakinsa. Na Arvo ja ne, ƙato, ya fi ƙarfin farfajiyarsu nesa ba kusa ba, ya saye shi ne don ya fi na Wilho. Baƙin mai kuwa tun da ya zo gidan ban ga an juye masa ba. Fetur ɗin bara a ciki yake kwana har zafi ya wuce, ya yi kauri ya toshe kafireto, ranar dusar farko sai ka ji Arvo a gareji yana fizgar igiya yana zagin waɗanda suka ƙera injin da iyayensu. In ya samu ya tashi, sai ya rufe ƙofar garejin wai injin ya ji ɗumi, ya tsaya a cikin hayaƙin har ya fito yana layi, ya ce kofin Yaya ne ya yi ƙarfi.

Kafin sanyi ya kama kowa yakan zaga farfajiyarsa ya tsince abin da ke ƙasa, ya kafa dogayen sanduna a gefen hanya don ya gane iyakarta in komai ya rufe. Arvo ba ya yi. Ya ce shi ya san gidansa ko ido rufe. Da wannan sanin ne injin ya haɗiye tabarmar bakin ƙofa, ya haɗiye sarƙar kare, ya taɓa kwasar tsakuwa ya watsa wa motar fasto har gilashi ya tsage. Fasto ya ce ba komai, Arvo kuwa ya yi mako yana bayanin cewa ba a ajiye mota a nan.

Abu biyu masu injin suka sa don kare ran mai shi, duka biyun Arvo ya ɗauke su zagi. Akwai madanni a jikin mariƙi, sai ka danne haƙora ke juyawa injin ya yi gaba, ka saki komai ya tsaya cak. Arvo ya ce wannan na ragwaye ne masu hannun auduga, ya ɗauko tsohuwar safar Yaya ya ɗaure madannin tam. Akwai kuma wasu ƙusoshi masu laushi da ke riƙe haƙoran, da gangan aka yi su don su karye in an ci karo da abu mai tauri. Ya zare su ya cusa na baƙin ƙarfe. 'Yar sandar roba da ke maƙale a jikin injin don zungurar bututu in ya toshe, ita ko ranar farko ya miƙa wa Yaya wai ta riƙa juya wanki.

Me yake yi da duk wannan ƙarfin? Zawarawa yake tarawa. A layinmu, namiji mai inji shi ke share wa matar da mijinta ya rasu ƙofa, ita kuma ta shigo da shi kicin ta ba shi kofi da nisu, burodinmu mai ƙamshi. Al'ada ce mai kyau, maza da yawa sun bi ta ba tare da surutu ba har suka mutu. Arvo ya mayar da ita sarauta. Yakan fara da gidajen mutane tun da safe, ya bar nasa sai ƙarshe, ya zauna a kicin ɗin kowacce yana ba da labarin rami, nisu na zuba a gemunsa. Al'adar kuma tana da bayanta: namijin da wani ya share wa ƙofa ya gama yawo. Daga ranar, in ya shiga kanti maza sukan rage murya su tambaye shi jiki, su ja masa kujera. Babu abin da Arvo ke tsoro a duniya kamar wannan kujerar.

Shekarar da Wilho ya rasu, dusar farko tana sauka na ji ƙarar jan injin ya nufo ni. Arvo ya tarar na riga na fito da injin marigayi, na gama rabin hanya.

"Ke Saima, me zan gani haka? Ajiye abin nan kafin ya cinye ki."

"Ranka ya daɗe, Sarkin Ƙanƙara, ai na ga talakawanka sun yi yawa, na ce in rage maka ɗawainiya."

"Mace da inji! So kike a ce ina raye ƙanwar matata na tura ƙarfe a titi?"

"A ce mana. Kai dai koma ka kwance safar Yaya, sanyi ake yi, ƙafarta na bukata."

Ya juya yana ƙunƙuni. Bai yafe mini ba, ni kuma ban nema ba.

Yaya ce ke shan wahalar. Duk safiyar da ya fita, tana tsaye a taga riƙe da sandarta, ba ta zama sai ƙarar ta mutu. Wata Asabar ya tafi aski, ta lallaɓo ta tsallako gidana, abin da ta daɗe ba ta yi ba saboda santsi.

"Saima, don girman Allah ki zo ki mayar masa da ƙusoshin nan na gaskiya. Ba zai gane ba. In wani abu ya samu hannun mutumin nan, ni ina zan sa kaina?"

"Yaya, gidan nan fa sunanki ne a kai, ba nasa ba. Ki buɗe baki ki yi masa magana."

"Kin san Baban Noreen," in ji ta, ta sunkuyar da kai.

Na san shi kuwa. Na ɗauki sifana muka shiga garejin kamar ɓarayi, na canza ƙusoshin, na yanke safar. Kwana kaɗan bayan nan injin ya cafki jaridar da ta daskare a ƙofar Aili, ɗaya daga cikin zawarawansa. Ƙusa ta yi aikinta, ta karye, haƙora suka tsaya, giyar injin ta tsira. Wani sai ya gode. Arvo gani ya yi an tsinka shi a gaban mace, don Aili na tsaye a ƙofa da kofi a hannu, shi kuma ga shi yana jan mataccen inji zuwa gida. Daga kicin ɗina nake jin muryarsa yana yi wa Yaya faɗa. Kafin rana ta yi tsaka ya mayar da baƙin ƙarfensa, madannin kuma wannan karon da waya ya naɗe shi, ya murɗe da filaya.

Ranar da abin ya faru, jajibirin Ista ne, Noreen na kan hanya za ta zo hutu, kuma duk mun san ba hutu kaɗai ya kawo ta ba, zuwa duba su ne. Dusar ƙarshen sanyi ta sauka, mai ruwa-ruwa, mai nauyi kamar tuwon da ya kwana, irin wadda ke toshe bututu kowane taku. Motar share titi ta wuce ta tara musu tudu a bakin hanya. Yaya tun asuba take gashe-gashe, ta roƙe shi ya fara da gida yau ɗaya, don yarinya ta tarar da ƙofa fes. Ina! Sai da ya je ya yi wa Aili, ya sha kofinsa, ya ba da labarin rami, sannan ya dawo a gurguje rana ta ɗaga.

Ina tawa ƙofar ina kallonsa. Ya tura, bututu ya toshe. Ya girgiza injin, ya harbe shi da ƙafa, ya ɗan yi amai, ya sake toshewa. Na kashe nawa na ɗaga murya:

"Arvo, bar tudun nan! Ina gamawa zan zo in buɗe muku, kafin Noreen ta iso."

"Ki buɗe wa wa? Ni? Sai dai bayan raina!"

"To kashe shi ka sa sanda. Ga tawa, zo ka karɓa."

"Riƙe abarki ki juya miya. Ni da na yi aiki da nakiya a ƙarƙashin ƙasa za ki koya wa inji?"

Ya cire injin daga giya don kada ya gudu ya bar shi, amma haƙora da farfela suna nan a ɗaure, suna jiran abin da zai sake su. Ya kama safar hannunsa da haƙori ya zare. Har yau in na rufe ido ina ganin yadda ya waiga ya tabbatar ina kallo, sannan ya zura hannun dama cikin bututun.

Ƙarar ba ta da yawa. Wani ɗan ƙas ne kawai, sai injin ya washe murya ya ci gaba da aiki lafiya lau, ya feso abin da ya toshe shi, fari da ja. Arvo ya tsaya yana kallon hannunsa kamar an ba shi ajiyar wani abu bai san mai shi ba. Na ruga na murɗe makulli na kashe, na cire gyalena na ɗaure masa wuyan hannu, na tura shi cikin motata. Ba zan ce ban ji tausayinsa ba a lokacin, na ji, tsoho ne yana kiran uwarsa da ta daɗe a ƙasa. Amma ko kafin mu kai asibiti ya dawo hayyacinsa har ya fara cewa ƙirar injunan yanzu ce ba ta da kyau.

Yatsu uku suka tafi, da kan babban yatsa.

Da na dawo ɗaukar masa kaya na tarar da abin da ya fi hannun ƙona mini rai. Yaya ce a waje, ba ko rigar sanyi, sanda a hannu ɗaya tsintsiya a ɗaya, tana jawo farar dusa tana rufe jan, wai kada Noreen ta gani. Tana cikin yi motar Noreen ta tsaya a bayan tudun da ba a buɗe ba. Yarinyar ta fito ta dubi uwarta, ta dubi ƙasa.

Bayan an sallamo shi muka zauna a teburin kicin mu huɗu, hannunsa a naɗe kamar kabewa a kan cinya. Noreen ta fara maganar mota da kwalaye. Yaya gefen tebur kawai take shafawa. Sai na ce:

"Noreen, saurara. Ƙofa biyu ba ta fi ƙarfina ba. Ni zan riƙa share ta nan kafin tawa, kullum, muddin ina tsaye. Ranar da na kasa, ni da kaina zan kira ki."

"Inna Saima, ke ma fa ba yarinya ba ce."

"Yatsuna dai goma ne, ƙirga ki gani."

Noreen ta dubi uwarta. Ba muguwa ba ce, tsoro ne ke cinta. Can ta sauke numfashi ta ce, "To. In Inna ta ɗauka, a ƙara shekara mu gani."

Yaya ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta na rawa. Rabon da in ga farin ciki irin wannan a jikinta tun ranar da aka haifi Noreen ɗin. Har ta yunƙura za ta ɗora ruwan kofi.

"Ba a yi ba," in ji Arvo.

Duk muka juya.

"Baban Noreen..."

"Na ce ba a yi ba. Mace ta share mini ƙofa, ina leƙe ta taga kamar mai jego, duk layi na kallo? Aili na kallo? In shiga kanti a ja mini kujera?"

"To Baba, sai in ɗauki mai mota ya riƙa zuwa," in ji Noreen.

"Wannan ai shi ne shelar. Ƙato ya zo da mota har gida, kowa ya san Arvo ya ƙare. A'a. Mu tafi Milwaukee ɗin. Can ba wanda ya san ni."

Ka ji mutum. Ba zafin hannu ya kore shi ba, ba tsoron sanyi ba, idon mutane ne, mutanen da rabinsu ba sa gani sai da tabarau biyu. Na faɗa masa abin da ke bakina, kuma da yawa ne. Na ce gidan ba nasa ba ne da zai yi kyauta da shi don ya ɓoye kunyarsa, na ce da akwati ɗaya ya shigo shi, yana iya fita da shi. Ya ce ba da ni yake ba. Kowa ya dubi Yaya, don kalma ɗaya daga bakinta ta isa. Ta koma ta zauna a hankali, ta ɗora sandarta a cinya.

"To, Baban Noreen," in ji ta.

Na bi ta har ɗakin sama da yamma, na same ta zaune bakin gado, ba ta kunna fitila ba.

"Yaya, bar shi ya tafi shi kaɗai. 'Yarsa ce, ta riƙe shi. Ki zauna a gidanki, ko ki dawo wurina, ga ɗakin Wilho nan ba kowa. Sau ɗaya a rayuwarki ki ce a'a."

Ta shafa gefen gadon. Sannan ta ce, "Saima, ko cokali fa ba ya iya riƙewa. Wa zai sa masa maɓallin wando?"

Na sauko ina kuka, kuma kukan haushi ne.

Da zafi ya fara shigowa aka sayar da gidan ga wasu baƙi. Ranar tafiya, tudun dusar gefen titi ya zama baƙi yana tsiyaya, maƙwabta sun fito sallama. Arvo ya sa rigarsa ta zuwa coci, hannun dama cikin aljihu, yana bin mutane da hagu yana gaya musu likitoci ma sun yi mamakin ƙarfin jininsa, kuma shi dama ya daɗe yana son komawa birni. Yaya ta daɗe a ciki. Ta taga ina hango ta tana bin ɗakunan da ba komai, tana tsayawa a kowace ƙofa.

"Ke Hilja! Me kike yi ne? Kin shanya mutane!"

Ta fito, ta ja ƙofa, ta miƙa wa Noreen makulli ba tare da ta dube shi ba. Da ta iso mota sai Arvo ya matsa bayan murfin ƙofar da ke buɗe, inda jama'a ba sa hango ƙasa, ya yi mata wata 'yar magana ƙasa-ƙasa yana ci gaba da yi wa Aili murmushi ta saman mota. Ni ina ta gefen da suke, don haka na gani. Igiyar takalminsa ce ta kwance. Yaya ta jingine sandarta, ta dafa kujera, ta sauka a kan wannan ƙugun nata har gwiwa ta taɓa laka, ta ɗaure masa.

"Yi sauri mana," in ji shi, "kada a gani."